Me ya sa ake sa mu zana kan mutum na filasta alhali ga mutane masu rai?

Sagir_Fensir

Assalamu alaikum masu zane, manya da ƙanana. Tambaya gare ni, da ɗan ƙorafi a cikinta, a yi haƙuri da tsawonta.

Tun ina gida sana'ata zanen fuska da fensir. A turo mini hoton amarya ko na mahaifin wani da ya rasu ta WhatsApp, in buga shi, in ja masa layuka gidan dara, in ja irinsu a takarda, in bi gida-gida har in gama. Gashin gira ɗai-ɗai nake sa shi, ko aikin hula ba na tsallakewa. Masu karɓa kan ce kamar ka kira shi ya amsa. Da wannan aikin na samu gurbin karatu a wata makarantar zane a ƙasar Sin, yanzu ina ajin share fage.

To tun da muka fara ba a zaunar mana da mutum ko ɗaya ba. Da farko ƙwallo ne da mazurari da wani dunƙule mai kusurwoyi, duk na farar filasta, wato POP. Daga nan aka kawo ido guda, ƙato, sai hanci, sai baki, sai kunne, aka ce daga David, mutum-mutumin da Michelangelo ya sassaƙa, aka kwafo su. Yanzu kuma an dasa mana kan filasta na wani Barume, mutumin tsohuwar Rum, wai shi Agrippa, mutum mai ɗaurarriyar fuska, idanu sun faɗa ciki, gira ta yi musu rumfa. An hana waya, an hana gidan dara. Malamarmu ta zo ta tsaya a bayana, ta ga na duƙufa a kan fatar ido, sai kawai ta sa gefen hannu ta shafe, ta ɗauki fensir 6B ta raba fuskar biyu, ɓangaren haske da ɓangaren duhu, ta yi gaba abinta. Yaran Sin da ke gefena, waɗanda na girme su nesa ba kusa ba, cikin awa uku sun fitar da kai cif. Nawa kuwa muƙamuƙi ya karkace, kunne ya hau sama.

Abin da nake so in sani: mene ne amfanin wannan abu? Mutum nake so in iya zanawa, baƙar fata irin tamu, da riga da ɗankwali. Wannan fari ne fat, ba ya numfashi, ko ƙwayar ido ba shi da ita. Wanda ya taɓa bi ta nan ya gaya mini gaskiya, ilimi ne ko al'adar Turawa ce kawai da 'yan Sin suka gada suke wahalar da mu da ita?

Baba_MaiGawayi

Wa alaikumus salam, Sagiru ɗana. Na koyar da zane har na yi ritaya, kuma ka faɗi ciwonka da bakinka: muƙamuƙi ya karkace, kunne ya hau sama. Ba hannunka ne ya lalace a jirgi ba. Gidan dara ne yake yi maka awo tun da can, kyamara kuma ita take yi maka aikin da ya fi wuya, wato ta ɗauki abu mai tudu da kwari ta shimfiɗe shi a kan fili. Kai naka shi ne kwafe shimfiɗaɗɗe zuwa shimfiɗaɗɗe, kuma ka ƙware. Yanzu an ƙwace maka duka biyun, an ce idonka ya yi aikin da kansa.

To me ya sa filasta, ba a zaunar maka da mutum ba? Mutum yana gajiya. Kafin rabin awa kafaɗa ta sauka, haɓa ta sunkuya, ya je ya sha ruwa ya dawo da wani zama daban. Idan kunne ya hau sama sai ka ce shi ne ya motsa. Agrippa kuwa yadda ka bar shi jiya haka za ka same shi gobe, kuskure duk naka ne, kuma za ka iya komawa ka auna ka kama shi. Sannan farin nan da kake ƙorafi a kai shi ne dukiyar. A fuskar mutum duhu iri biyu ne a cakuɗe: akwai duhun launi, kamar gashi da leɓe da tabon sallah, akwai kuma duhun da ya zo saboda wurin ya juya wa haske baya. Ɗan koyo ba ya iya raba su. A filasta launi ɗaya ne tak, ba ta sheƙi, saboda haka duk duhun da ka gani siffa ce take magana. Ko ainihin dutsen mabul bai kai ta ba a wannan fanni, don shi haske yana ɗan ratsa shi, ga tsatsa da tabon shekaru. Yaron tela a takardar buhun siminti yake koyon yanka kafin a yarda ya taɓa shadda, ba don wani zai sa rigar takarda ba.

Abin da malamarku ta yi daidai ne, ko da yake ni da na yi maka bayani kafin in shafe. Ka zauna ka kanne ido har fuskar ta yi dishi-dishi. Za ka ga layi guda ya taso daga gefen goshi, ya faɗa cikin gurbin ido, ya fito ta kan ƙashin kumatu, ya gangaro gefen baki zuwa haɓa. Wannan layin da ya raba haske da inuwa shi ne kamannin mutum. Ka fitar da shi da miƙaƙƙun layuka, kada ka lanƙwasa komai tukuna, ka cike ɓangaren inuwa da duhu bai ɗaya. Idan a wannan matakin bai yi kama da Agrippa ba, gashin ido dubu ba zai cece shi ba. Ka kula da wani tarko: a cikin inuwa, ƙarƙashin haɓa, za ka ga ɗan haske da ya dawo daga ƙirji ko daga tebur. Ido yana ruɗuwa ya ga kamar fari ne. Ba fari ba ne. Wuri mafi haske a cikin inuwa dole ya fi wuri mafi duhu a ɓangaren haske duhu. Ka karanta jimlar nan sau biyu. Masu zane daga hoto nan suke faɗuwa, su sa kilina su goge wurin ya yi fes, sai kai ya koma kamar na gwangwani.

Awo kuma, ka miƙe hannu sosai kada ka lanƙwasa gwiwar hannu, ka rufe ido ɗaya, ka ɗauki tsawon hanci da fensir ka ga sau nawa ya shiga fuska. Ka rataya zare da ɗan ƙarfe a ƙasa irin na magina, ka ga me da me suka faɗo a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Ka kwantar da fensir a kwance daga gira, ka ga ina ya yanki kunne. Kunnenka zai sauko.

Batun ko al'adar Turawa ce, ƙwarai tasu ce, ba a ɓoye ba. Makarantar Royal Academy ta Landan da aka kafa a 1768, a da ba a barin ɗalibi ya shiga ɗakin da ake zana mutum mai rai sai ya yi zamansa a ɗakin filasta. Mai zanen nan Turner ya shiga a 1789 yana ɗan shekara 14, bai samu izinin zana mai rai ba sai 1792. A Faransa kuwa, a da, kafin ma a ba ka filastar, sai ka kwafi zanen filasta a takarda. Darussan Charles Bargue da aka buga tsakanin 1866 da 1871, shafi 197, don haka aka yi su, shafuka da yawa suna nuna maka ƙafa ko hannu da miƙaƙƙun layuka a gefe guda, ga kammalalle a ɗaya gefen. Suna nan kyauta a intanet, ka neme su. Mai zanen nan Van Gogh, wanda ake ɗauka kamar bai taɓa bin doka ba, ya kwafe su da kansa a 1880 da 1881. A farkon 1886 ya shiga makarantar Antwerp, ya yi ta rigima da malamansa a ɗakin filasta, bai daɗe ba ya tattara ya tafi Paris. Can ma me ya yi? Ya koma zana filasta a ɗakin koyarwar wani malamin zane, Cormon, har ya tara ƙananan nasa a gida, wasunsu suna gidan tarihinsa na Amsterdam har yau. Rigimarsa da malaman ce, ba da filastar ba.

Su kuma mutanen da kake wurinsu, masu zane irin su Xu Beihong ne suka je Paris a 1919 suka koyo, suka dawo suka dasa shi a makarantunsu, daga baya tsarin Rasha ya zo ya ƙara masa ƙarfi. Turawan da kansu sun yi watsi da abin a ƙarni na 20. A Paris an farfasa wasu gumakan filasta a tarzomar ɗalibai ta 1968, aka kwashe sauran zuwa Versailles a 1970. Sin da Japan da Koriya suka riƙe, har ya zama abin jarrabawar shiga makarantar zane. Yaran da ke gefenka sun yi shekaru suna zana wannan kan don cin jarrabawa, wasunsu ko an ɗauke shi daga gabansu za su zana shi. Kada saurinsu ya tsorata ka. Wannan ma wata cuta ce, hadda ba gani ba.

Shi Agrippan naka kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Sarkin yaƙin Augustus, sarkin Rum, ne kuma surukinsa, shi ya ci yaƙin ruwa na Actium shekara 31 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ainihin kan yana gidan tarihin Louvre a Paris. Ana ba wa 'yan koyo shi ne saboda fuskarsa faffaɗa ce, gashi gajere, ƙasusuwa a fili. Ka gode Allah ba a fara maka da kan Laocoon ba, mai gemu curi-curi.

Anti_Hauwa_Gashi

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni ba mai zane ba ce sosai, aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, zane na yamma ne idan na samu sarari. Ta wannan ɓangaren nake so in ja kunnen ƙanena.

Idan kuka wuce kai kuka shiga gangar jiki, kada ka ɗauka abin da kake gani haka jikin ɗan Adam yake. Masu sassaƙar Girka gyara suke yi. Dubi layin nan da ke kan ƙugu, inda ciki ya haɗu da cinya, a Doryphoros, mutum-mutumin da Polykleitos na Girka ya ƙera. Sun kumbura shi ya zama kamar igiya. Na taɓa jikin 'yan ƙwallo da 'yan dambe, ban ga mai irinsa haka ba. David ɗin da kuka zana idonsa, tsayinsa ya haura mita 5, kansa da hannunsa na dama sun fi ƙima girma idan ka gwada da sauran jiki. Hancin Girkawa kuma da ke saukowa sak daga goshi babu lotsawa, in ka saba da shi sai ka riƙa liƙa wa kowa.

Amma akwai abu guda da suka gani da kyau, kuma shi nake nuna wa marasa lafiyata kullum. Mutum ba ya tsayawa a kan ƙafa biyu daidai wa daida. Yana ɗora nauyi a ɗaya, sai ƙugun wannan ɓangaren ya ɗaga, kafaɗar ɓangaren ta sauka, haƙarƙari ya matso kusa da ƙugu a gefe guda ya buɗe a ɗaya gefen, ramin wuya kuma ya faɗo daidai kan idon sawun ƙafar da ke ɗauke da nauyi. Doryphoros, tun wajen shekara 440 kafin Annabi Isa, wannan tsayuwar yake koyarwa. Ka tsaya a layin banki ka duba, kowa haka yake tsaye. In ka kama wannan, ko babbar riga ka sa wa mutum za a ji akwai jiki a cikinta.

Idan makarantarku tana da mutum-mutumin nan na Houdon na 1767, wanda aka yi shi babu fata, tsoka a fili, ya miƙa hannu gaba, ka zauna da shi. Ka zana, sannan ka taɓa wurin a jikinka ka motsa ka ji.

Maganar baƙar fata kuma kana da gaskiya rabi. Fatarmu tana sheƙi, tana ɗaukar launin sama da na bango, goshi da karan hanci da kumatu sukan yi walƙiya mai kaifi wadda filasta ba ta yi. Wannan sai a jikin mutum za ka koya. Sai dai walƙiyar a kan siffa take zaune, in babu siffar sai ta zama ɗigon fari a kan baƙi.

Dan_TudunWada

Ranka ya daɗe Baba, ban ƙi ta taka ba, amma bari in ɗan saɓa. An yarda farin abu mara motsi yana koyar da haske. To dole sai kan Barume? Ɗalibi ya shekara yana kallon fuska iri ɗaya, ana ce masa wannan ita ce kyau, wani abu yana shiga kansa wanda ba haske da inuwa ba ne. Abin dariyar ma, su Girkawan fenti suke shafa wa gumakansu, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Fentin ne ya kaɗe cikin ƙasa, aka tono su farare, aka gina aƙida a kan farin.

Wannan gardamar an yi ta a Zariya tun kafin a haife mu. Mai zane Aina Onabolu ya je Landan da Paris a 1920, ya dawo a 1922 da tsarin makarantun can cif-cif. A 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai, suka kafa ƙungiyarsu suka ce za su ɗauki dabarar Turawa amma ba za su jefar da tasu ba. Kawunan tagulla na Ife da aka tono a 1938, wa zai ce ba a san ƙashin kumatu da leɓe ba a wurin? Da ana zuba kwafinsu da filasta a rarraba wa makarantu, da Sagir ya koyi inuwarsa a kan fuska mai kama da waɗanda za su ba shi aiki. Na Nok da ke gidan tarihin Jos su salo ne daban, ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, ba don awo za a zana su ba, amma a san da su.

Sai ɗaya batun da kowa ya yi shiru a kai. Mu da yawa a nan Musulmi ne, maganar mutum-mutumi da tsiraici ba ƙarama ba ce. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa. Ni dai a kai da hannu da ƙafa na tsaya.

Baba_MaiGawayi

Ɗan Tudun Wada, a kan Ife muna tare ɗari bisa ɗari. Tsiraicin kuwa su ma ya dame su. Da aka kai wa Sarauniya Victoria kyautar kwafin David a 1857, sai da aka zuba wani ganyen ɓaure na filasta, kusan rabin mita, ana rataya masa idan manyan gidan sarauta za su zo. Kwafin da ganyen duka suna gidan tarihin Victoria da Albert a Landan. Wanda ya tsaya a kai da hannu da ƙafa bai yi asarar darasin haske ba, kuma akwai masu mayafi da yawa, ninkin tufafinsu ma makaranta ne.

Usta_Silin

Ni aikin silin POP nake yi, ban san su Agrippa ba, amma garin na san shi. Wanda yake gida yana son abin gwaji, ba sai ya yi oda daga waje ba. Ka samu ƙwallon roba ka yanka, ko kofi, ko mazurari, ka shafa mai a ciki, ka zuba. Ruwa ake fara sawa a roba, sannan a riƙa barbaɗa gari har ya tsaya a saman ruwan, a bari ya jiƙa, a juya a hankali don kada iska ta shiga. Ka bubbuga gefen mazubin kumfa ta taso. Kafin rabin awa ya kama, amma ka ba shi kwanaki ya bushe kafin ka goge da samfefa mai laushi.

Gargaɗi ɗaya, don na ga yara suna sha'awar kwafar hannunsu. Kada wanda ya kuskura ya tsoma hannu cikin bokitin kwaɓaɓɓen POP ya jira ya kama. Yana yin zafi idan zai daskare, in da kauri zafin ba shi da hanyar fita, hannun kuma ba ya zaruwa. A Ingila wata 'yar makaranta ta rasa yawancin yatsunta a haka a 2007. Masu kwafar jiki da garin nan na likitocin haƙori suke fara ɗaukar siffa, shi ba ya ƙuna, sannan su zuba POP a cikinsa. Ragowar kwaɓi kuma kada a zuba a magudanar ruwa, zai toshe ta.

Sagir_Fensir

Na gode Baba, na gode Anti, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau na gwada fensir a kwance daga gira, ashe saman kunnen a ƙasa da inda na sa shi yake sosai, don kan ya ɗan ɗaga haɓa. Saura tambaya guda, Baba. A ajinmu tagogi ne ta ko'ina ga fitilun sama, inuwa har uku nake gani a ƙarƙashin hanci. Na sayi ƙaramin kan filasta a shagon kayan zane don in riƙa yi a ɗaki. Yaya zan ajiye shi?

Baba_MaiGawayi

Kashe fitilar ɗaki, ja labule, ka bar fitila guda. Sa ta sama da kan, ta gefe ɗaya, ta ɗan matso gaba, yadda kusan kashi biyu cikin uku na fuskar zai samu haske, inuwar hanci kuma ta faɗo a karkace zuwa gefen baki ba tare da ta taɓa leɓe ba. Rataya baƙin zane a baya, wani a ɓangaren inuwa idan bangon fari ne, in ba haka ba bango zai maido haske ya wanke maka inuwar. Idon kan ya zama daidai da naka. Ka manna salatif a ƙasa inda ƙafarka take, da inda gindin kan yake, da inda fitilar take, don abokin ɗaki zai taɓa. Takarda a tsaye, ba a kan cinya ba. Kowane ɗan lokaci ka ja da baya taku uku ka duba, ka kuma duba ta madubi, karkatar da ido ya saba da ita a nan take fitowa. Ranar da babu aji kuma ka roƙi wani ɗan uwa ya zauna a ƙarƙashin fitilar, a daidai inda kan yake, ka nemi layin nan na goshi da kumatu da haɓa a fuskarsa. Ka turo mana duka biyun mu gani.